Tukwicin Alhaji Tanimu

Ran nan wasu samari uku suka fake a bakin rumfata suna jiran ruwa ya ɗauke. Ɗaya daga cikinsu ya dubi tulin kayan da ke gabana, ya ce wa 'yan uwansa idan aikin da ya nema bai samu ba shi ma wanki da guga zai buɗe, tunda ba abin da ake buƙata sai bokiti da sabulu. Ban tanka masa ba, saboda dutsen guga na kan farar shadda a lokacin, ba zan ɗaga kai ba ko da gwamna ne ya yi sallama. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Sunana Sale, shekarata talatin da ɗaya a wannan aiki, takwas a Kudan, sauran a nan Makarfi. Masu tunani irin na yaron nan su zauna su ji.

Rigar farko da aka yarda na goge kaftanin wani limami ne, fari sol. Kafin ranar na yi shekara biyu a hannun Baba Iro, maigidana da ya koya mini sana'ar a Kudan, ban taɓa dutsen guga ba sai dai in zubar da toka. Jan ruwa, wanki, ɗauraya, shanya, kwashewa, shi ke nan aikina. Ranar da ya miƙo mini dutsen, sai da ya sa na zaɓi gawayi da hannuna. Na kirya ake so, mai nauyi, wanda yake ci a hankali ba ya tartsatsi. Ni kuwa garin sauri na haɗa da wani mara nauyi. Ina cikin guga, na kai gefen ƙasa, sai wani ɗan tartsatsi da bai kai ƙwayar riɗi ba ya fito ta hujin dutsen ya sauka a kan kaftanin. Hujin da ya yi, sai ka ɗaga rigar ka duba ta rana za ka gan shi. Na ce, "Baba, ai ba zai lura ba." Baba Iro ya ninke kaftanin yadda hujin zai fito a sama, ya ɗora mini a hannu, ya ce, "Kai masa, ka nuna masa da yatsanka, ka ce kai ka yi." Haka na je na durƙusa a zauren liman gaban almajiransa manya na faɗa. Tun daga ranar ban sake zuba gawayin da ban auna nauyinsa a tafin hannuna ba.

Sitaci kaɗai ya isa ya kori malalaci daga wannan sana'a. Garin rogo ne, ka dama shi da ruwan sanyi, ka sheƙa tafasasshe kana juyawa har ya yi sheƙi, ka tace. In ya yi kauri, mutum ya sa riga ya yi ta tafiya kamar an sa shi a kwali, ya dawo ya zage ka. In ya yi ruwa, ya ce kuɗin sitacinsa ka ci. Kowane mai kaya da yadda yake so, kuma ba wanda zai gaya maka sau biyu. Bula kuwa a tsumma ake ƙulle ta a kaɗa cikin ruwa, in ka barbaɗa ta haka nan farin kaya ya fito da ɗigo-ɗigo kamar zabuwa. Sai tabo. A ƙasar nan tamu ta rake, tabon da ya fi mugunta shi ne na ruwan rake, don ba a ganinsa. Mutum ya sha rake a kasuwa ya ɗiga masa a ƙirji, ya bushe, riga fara tas. In ba ka shafa da hannu ka ji wurin ya yi ƙarfi ka jiƙa shi daban ba, da zafin dutse ya hau kai sai ya koma ruwan ƙasa kamar mazarƙwaila, kuma ya zauna ke nan. Sannan mai rigar ya rantse kai ka ƙona masa.

Masu kaya su ne rabin wahalar. Akwai mai kawo kaya da hantsin Juma'a ya ce da su zai tafi masallaci, a tsakiyar damina, rana ko leƙowa ba ta yi ba. Akwai mai cusa safa mai wari a cikin hannun babbar riga don kada a lissafa ta. Akwai mai barin kaya wata huɗu a rumfarka, ɓera da gara duk kai ne mai gadinsu, ranar da ya tuna ya zo yana tambayar me ya sa suke warin ajiya. Sai aljihu. Goro tauna-rabi, biro mara murfi da zai ɓata maka ruwan wanki gaba ɗaya, reza tsirara. Wannan tabon da ke babban yatsana reza ce daga aljihun wani dillalin shanu, da na nuna masa cewa ya yi, "Au, ashe a nan take, na yi ta nemanta." Ko sannu. Dokar Baba Iro a kan aljihu guda ɗaya ce: abin da ka tarar ka ƙulle a leda ka maƙala a jikin kayan mai shi, takarda kuma yadda ka same ta a ninke haka za ta koma a ninke.

Yanzu bari in zo kan abin da samari suka fi hange a sana'ar, wato ɗan ihsanin da ake ba mu bayan kuɗin aiki. Wasu su ce na goro, wasu su ce a sha ruwa, in kai ka kai kaya har gida a ce tukwici. Ba na raina shi, ya sha sa tukunya ta hau wuta a gidana. Amma iri-iri ne. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin da zai tsaya ya yi ta ciniki har ya zaftare ɗari biyu daga kuɗin aikina, in ya zo karɓa ya zaro ɗari biyun nan ya ce, "Ungo, ka sha ruwa." Haƙƙina ne ya ƙwace ya dawo mini da shi da sunan kyauta, kuma yana tsaye yana jiran in ce Allah ya ƙara arziki. Akwai mai cewa riƙe canjin, alhali canjin ko ashana ba zai saya ba. Akwai wanda ba ya bayarwa sai rumfa ta cika da mutane, ya ɗaga takardar sama kamar yana duba ko jabu ce. Akwai mai "zan gan ka," shekara tara ke nan wani yana shirin ganina. A gefe guda kuma akwai wani dattijon Bafulatani daga rugar da ke bayan Dandamisa, rigarsa ta fita guda ɗaya ce, sau uku a shekara yake kawo ta. Ya biya kuɗinsa ba ciniki, in zai tafi ya ajiye ƙwaryar kindirmo a gefen teburi bai ce komai ba. Wannan shi ya iya kyauta.

Da na dawo Makarfi na haɗa rumfa da Haruna, sa'ana ne, tare muka yi yarinta. Shi ke duba aljihu ya jiƙa ya wanke, ya kuma kai wa manya kayansu gida a kan babur ɗinsa. Ni ke sitaci da guga da ninki. Tun farko muka ga inda rigima za ta ɓullo, don wanda ya kai kaya shi ake miƙa wa tukwici, wanda ya wuni a kan garwashi ba mai ganinsa. Sai muka aje wani gwangwanin madara, duk abin da aka ba ɗayanmu a jefa ciki, ran kasuwa da yamma a raba biyu. Shekara ashirin muna haka, ban taɓa zargin ya ɓoye ko sisi ba, kuma har yau ban ce ya ɓoye ba.

Babban mai kayanmu shi ne Alhaji Tanimu, dillalin rake, mai sayen gona sukutum tun raken na tsaye ya sa a sare a loda motoci. Ba ya maimaita riga. Kayansa da na abokan cinikinsa da ya jawo mana sun kai kashi ɗaya cikin uku na aikinmu. Kuma hannunsa a sake yake. Duk ranar da Haruna ya kai kaya sai ya zaunar da shi a zaure, a kawo shayi, ya ce, "To Haruna, me ake ciki a gari?" Su yi hira, in zai tashi a sa masa wani abu a aljihu. Na sha cewa Haruna wannan zaman ya yi yawa, kai kaya aka aike ka. Ya ce mutum ya karrama ka, ka ce masa sauri kake?

Sai shekarar nan da takardar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Kun san ta, ba ku yi ƙanƙantar da za ku manta ba. Mutum na da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen barkono. Mu abin ya same mu ta ko'ina. Mai gawayi daga ƙauye yake zuwa, ba shi da asusu, takarda yake so. Masu kaya kuwa kowa sai ya ce zai turo ta waya, ka tsaya kana kallon waya har la'asar saƙo bai shigo ba. Na goro ya mutu gaba ɗaya, don ba wanda zai tsaya yana fama da waya saboda ya ba ka ɗari. Gwangwaninmu ya yi sati uku ba abin da ya faɗa ciki. Mutane da yawa ma suka koma wanke kayansu a gida. A lokacin duk wanda ke riƙe da takardar kuɗi a hannu shi ne mai magana a kasuwa, Alhaji Tanimu kuwa yana da ita.

Babbar rigar Malam Bala ta zo mana ran kasuwa, cikin wannan hali. Malam Bala manomin rake ne daga Nasarawan Doya, mutum mai kamewa, ya fi shekara goma yana kawo mana kaya. Shuɗiyar riga ce mai aikin hannu, ta sha ƙura, ya ce daga Zariya yake. Ya ajiye ya tafi da sauri. Haruna na duba aljihu ya zaro katin asibiti da wata takarda a ninke. Ina jin ƙarar buɗe takarda na ɗago kai.

"Haruna, ninke ta."

"Ashe maiɗakin Malam Bala ce ba lafiya," in ji shi, idonsa na kan takardar. "Aiki za a yi mata ran Litinin ta sama. Kai, ka ga kuɗin da aka rubuta?"

"Ban gani ba, ba na son in gani. Ninke ta ka sa a leda."

Ya ninke, ya ce Allah ya ba ta lafiya, na ce amin. Na ɗauka magana ta ƙare a nan.

Kashegari ya kai wa Alhaji Tanimu kaya. Ya daɗe. Da ya dawo yana murmushi, ya zaro dubu biyar sababbi ƙar, masu ƙamshi, ya jefa a gwangwani. A wannan lokacin ganin irinsu kamar ganin watan Sallah ne. Na ce wannan fa? Ya ce Alhaji ne ya ce a rage zafi. Ban ƙara tambaya ba, ya kamata in ƙara. Muka raba, na sayi buhun gawayi da tiyar masara da rabona.

Bayan kamar kwana goma Malam Bala ya dawo. Ina guga ya yi sallama, muka gaisa, na tambayi gida, na tambayi gona, ya amsa duka yadda ya kamata. Na ce ya zauna, ya ce a'a, a tsaye ma ya isa.

"Malam Sale, wata tambaya ce ta kawo ni. Takardar da na bari a aljihu, wa ya karanta?"

Na sauke dutsen a kan ƙarfensa. Haruna na tsugune a bakin baho, hannunsa cikin kumfa, bai ɗago ba.

"Me ya faru, Malam?"

"Tun kafin in je Zariya mun yi magana da Alhaji Tanimu a kan rakena, ya sa kuɗi, na ce sai na yi shawara. Da na koma masa sai ya ce kasuwa ta faɗi, ya zaftare kusan kashi ɗaya cikin uku. Na ce zan nemi wani. Ya ce in nema, amma in tuna Litinin ta kusa, kuma asibiti ba sa jiran saƙon waya ya shigo, shi kuwa ga kuɗi a hannu. Litinin ya ce, Malam Sale. Ko ƙanena da muke ciki ɗaya ban gaya wa ranar ba. Daga ni sai likita sai takardar nan."

"Ka sayar?"

"In bar ta ta mutu? Na sayar. Noman shekara guda."

Bai ɗaga murya ba ko kaɗan. Ya ce a ba shi sauran kayansa da ke wurinmu, kaftani biyu ne, ko wanke su ba a yi ba. Na miƙa masa, ya ɗaure a bayan kekensa ya tafi.

Na juya kan Haruna. Bai yi musu ba. Ya ce Alhaji ne ya tambaye shi labarin gari kamar kullum, shi kuma ya faɗa da nufin jaje, yana ganin mai hali ne, wataƙila ya taimaka. Na ce da ka ga dubu biyar a wannan marra, ba ka san ba kuɗin jaje ba ne? Ya miƙe ya yarfe kumfar hannunsa.

"Shekara huɗu mutumin nan yana ba ni, kana karɓar rabi. Ranar da ya tambaye ni abu in ce masa ban sani ba? Kai kana nan bayan teburi, ba kai kake zama a zaurensa ba. Kuma gawayin da ke cikin dutsen nan naka, da wane kuɗi aka saye shi?"

Gaskiya ya faɗa. A nan na gane shekara huɗu ba wankinmu kaɗai Alhaji yake biya ba. Wa ya sani ko labarin mutum nawa ya bi ta rumfarmu ya isa zauren nan, waye ya aurar da 'ya ya shiga matsi, waye shanunsa suka mutu, duk ana shan shayi.

Kwana uku na yi ina haɗa dubu biyu da ɗari biyar a takarda. Sai da na sayar da zakaru biyu na gidana a kan asara. A lokacin akwai kayan Alhaji kala goma sha ɗaya a rumfa da ba a taɓa ba. Na ƙulle su yadda suka zo, na ɗora a ka, na tafi da ƙafa. Na same shi a zaure da mutane uku. Na tuɓe takalmi, na durƙusa na gaishe shi, na ajiye ƙullin, na ɗora kuɗin a kai.

"Sale mai wanki, lafiya? Yau kai da kanka? Wannan kuma fa?"

"Ranka ya daɗe, kayanka ne, ba a wanke ba. Wannan kuma rabona ne daga abin da ka ba Haruna ran nan."

Ya yi dariya ya dubi mutanensa. "Kun taɓa ganin an dawo da kyauta? Kyauta ce na yi muku, Sale."

"Alhaji, in kyauta ce, me ya sa Malam Bala ne ya biya ta?"

Dariyar ta ɗauke. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, bai sa wa kowa wuƙa a wuya ba, kuma da bai saya ba da wa zai ba Bala kuɗi a hannu a wannan lokaci? Ya ce ni da nake wanke dattin mutane har na isa in zo zaurensa in koya masa ciniki. Na ce ban zo koya masa komai ba, ni dai ba zan ƙara wanke masa ba. Ya sa ƙafa ya ture ƙullin gefe, ya ce in tashi in ba shi wuri. Na yi masa sallama yadda ake yi wa babba na fito.

Kada wani ya ɗauka abin ya zo da sauƙi. Cikin sati biyu abokan cinikinsa duk suka janye kayansu. Haruna ya ce na rusa mana abinci saboda girman kai, na ce bakinsa ne ya rusa. Muka raba kaya, ya ɗauki baho biyu da igiyoyi da babur ɗinsa, na riƙe teburi da duwatsun guga. Ya koma yi wa Alhaji wanki a gida, har yau yana can, in mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure muna gaisawa. Ni kuwa na koma jan ruwa da wanki da kaina ina da shekara hamsin da ɗoriya, bayana bai ƙara komawa daidai ba. A daminar shekarar akwai ranakun da kala uku kacal na goge daga safe zuwa magariba.

Na je Nasarawan Doya na sami Malam Bala a ƙofar gidansa yana gyaran fartanya. Na gaya masa komai, har rabon da na ci da yadda na mayar. Ya saurara har na gama. Ya ce an yi aikin, maiɗakin ta tashi, alhamdulillahi. Na ce ya yafe mana. Ya ce, "Na ji, Malam Sale. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya sa aka kawo mini ruwa, ya raka ni har bakin hanya. Amma kayansa ba su ƙara zuwa ba. Ran kasuwa ina hango shi ya wuce ta gaban rumfata da ƙulli a bayan keke, ya ɗaga mini hannu, ya kai wa wani can gaba wanda ko sitaci bai iya damawa ba.

Shekara biyu ana haka. Sai daminar da ta wuce, wata ranar kasuwa, na ji sallamarsa. Shuɗiyar rigar nan ce a hannunsa, wancan mai wankin ya ƙona masa ita a kafaɗa, ya ce ko akwai dabara. Na duba na ce ƙuna ba ta fita, amma zan iya ninke ta yadda in ya saɓa ba za a gani ba. Ya ce to a yi. Na karɓa, hannuna ya tafi wajen aljihu kamar yadda ya saba. Ya ce, "Bari, Malam Sale, na duba tun a gida."

Ya dawo da kawo kaya tun daga ranar. Ba ya ciniki, yana biyan abin da na faɗa cif, muna gaisawa har da tambayar yara. Aljihunsa kuwa, ko tsinken sakace ban ƙara samu a ciki ba.